Yarona ya daina cin abincin da ake ba su kyauta a makaranta, wai ana ce masa ɗan sadaka. Ya zan yi?

Maman_Khalifa (Tudun Jukun)

Slm jama'a barkanmu da war haka. Dan Allah shawara nake nema musamman wajen malamai da iyaye mata, don abin nan ya tsaya min a rai ko barcin kirki bana yi.

Yarona yana aji huɗu a wata makarantar unguwa nan Zariya irin wadda ake haɗa boko da islamiyya, ba zan faɗi sunanta ba don ba tonon asiri na zo yi ba. Babansu ya rasu, ni ke riƙe da su da 'yar awarar da nake soyawa da yamma, kuma kun san yadda kayan abinci suka koma tun da aka cire tallafin mai a 2023, wata rana koko kawai zai sha ya tafi, kuɗin tara kuwa sai ranar da Allah ya hore. To farkon zangon nan wasu bayin Allah tsofaffin ɗaliban makarantar suka haɗa kuɗi suka ce za a riƙa ba marayu da 'ya'yan marasa ƙarfi abinci lokacin tara, wlh ranar da aka ce min sunansa ya shiga har sujada na yi. Allah ya saka musu da alheri, wannan bana musu a kai.

Matsalar yadda ake rabon ne. Ana buga ƙararrawar tara sai monita ya tsaya gaban allo da takarda ya kira sunayensu ɗaya bayan ɗaya kowa na ji, su fita su yi layi a bayan ofis a zuba musu a wasu koren robobi duk iri ɗaya, su zauna gindin darbejiya su ci, sauran yara masu kular abinci da masu kuɗin tara suna tsaye suna kallonsu. Yanzu har suna aka sa musu wai 'yan koren roba, wasu su ce 'yan sadaka, akwai wanda yake bin yarona a baya yana masa "iya ko ɗan ƙanzo" irin na bara.

Ni ban san ana haka ba sai da malamarsu ta biyo wajen awara take ce min Maman Khalifa lafiya yaronki yake ta azumi haka? Ashe in an kira sunansa sai ya ce azumi yake, Litinin da Alhamis ya ce na sunna ne, sauran ranakun ya ce ramuwa yake yi. Yaron da ko balaga bai yi ba wace ramuwa ce a kansa? Sai ya kifa kai a benci har a dawo daga tara. Da na tsare shi da daddare ya fashe da kuka ya ce shi gara ya wuni da yunwa da ya sake riƙe roban nan.

Yanzu na rasa yadda zan yi. In cire sunansa ne alhali ba kullum nake da abin ba shi ba? In tilasta masa ya ci? Ko in je in samu hedimasta, amma ina tsoron a ce matar nan butulu ce an taimake ta tana tsara yadda za a taimake ta. Ku ba ni shawara dan Allah.

Ɗan_Kwarbai

Wslm. Allah ya jiƙan maigidanki ya raya abin da ya bari. Ni dai gaskiya Hajiya kar ki kuskura ki cire sunansa, kunya ba ta cika ciki, kuma yaron da bai karya ba ko farfesa aka ɗauko daga ABU ya koyar da shi ba abin da zai shiga kansa. Mu ma da yunwa muka yi firamare a cikin gari, da a lokacin an samu mai ba mu wake da shinkafa ko a murfin tukunya ne wlh da gudu za mu karɓa. Yara dama haka suke yau su tsokani wannan gobe su koma kan wancan, in ya share su kwana kaɗan za su gaji.

Ki zaunar da shi ki nuna masa maraici ba abin kunya ba ne, Annabi SAW ma maraya ya tashi. Batun zuwa makaranta kuma ki bi a hankali, mutanen nan daga aljihunsu suke cirewa ba wanda ya sa su, in suka ji surutu ya yi yawa suna iya cewa to a bari, kin ga an jawo wa sauran yaran asara.

Inna_mai_kula (Sabon Gari)

'Yar uwa sannu, wlh na karanta sai da idona ya kawo ruwa wajen maganar azumin nan.

Bari in faɗa muku abin da na gani da idona, don ni na yi aikin dafa abinci a shirin ciyar da 'yan firamare na gwamnati. Na farko na jiha ne zamanin El-Rufa'i farkon 2016, naira 50 kowane yaro, daga baya na tarayya na Buhari ya zo da naira 70 amma shi daga aji ɗaya zuwa aji uku ne kawai. Kuɗin kam kowa ya san ba yawa sai mace ta iya lissafi, amma ba shi zan yi magana a kai ba. Abin da nake so ku lura da shi, duk tsawon lokacin da na yi ina kai abinci ban taɓa ganin yaro ɗaya da ya ƙi karɓa don kunya ba, ko ɗaya. Saboda me? Saboda kowa ake ba. Ina shiga aji da kulolina malama za ta fara ɗanɗanawa, yara na zaune a wurarensu kowa ya fito da kwanonsa na gida, wani silba wani roba wani ma murfin kula, in bi layi layi ina zubawa, ɗan mai shago a kasuwar Sabon Gari da ɗan mai tura baro duk ludayi ɗaya. Ranar ƙwai kuwa ko mara lafiya sai ya zo makaranta. Ba mai ce ma wani ɗan sadaka don in ka faɗa to kai ma bakinka da maiƙo.

Inda kawai nake ganin abin tausayi shine taga. Da aka koma aji ɗaya zuwa uku sai 'yan aji huɗu da biyar su zo su tsaya jikin taga suna leƙe, na sha ganin ƙaramar yarinya ta raba ƙwanta biyu ta miƙa ma yayanta ta taga. A nan ne aka fara jin kalmar kwaɗayi da su "maula kake yi". Kun ga ke nan duk inda aka ja layi aka ce waɗannan za su ci waɗannan ba za su ci ba to magana za ta fito, ko ta wannan ɓangaren ko ta wancan.

Don haka ni ban yarda laifin kyauta ba ne, laifin warewa ne. Kuma Ɗan Kwarbai ka yi haƙuri, ba gajiya yaran nan suke yi ba, suna in ya kama yaro a firamare har ya yi gemu ana kiransa da shi.

Malamin_aji_biyar (Samaru)

Assalamu alaikum. Maman Khalifa ki je makarantar, wannan ita ce shawarata kai tsaye, kuma ba butulci ba ne. Na daɗe ina koyarwa, yaron da ya kai ga ƙirƙiro azumin ƙarya don ya tsare mutuncinsa ba ƙaramin abu ke cin sa ba, matakin gaba shine ya fara ce miki cikinsa na ciwo da safe, daga nan sai fashin makaranta, kina zaune za a ce an gan shi yana yawo a bakin titi lokacin karatu. Na ga haka ba sau ɗaya ba, a kan kuɗin makaranta ma da ake kiran sunayen waɗanda ba su biya ba a asembili.

Yaya Ɗan Kwarbai maganarka ta yunwa gaskiya ce, amma ai yaron yanzu ga yunwar ga kunyar duka biyun yake sha, to me aka yi ke nan? Kuma shi addinin da ya ce a ciyar da maraya shi ne ya faɗi yadda za a yi. A cikin Baƙara Allah ya ce kada ku ɓata sadakokinku da gori da cutarwa, kafin nan ma ya ce magana mai daɗi da yafiya sun fi sadakar da cutarwa ke bin bayanta. Cikin mutum bakwai da za su shiga inuwar Al'arshi akwai wanda ya yi sadaka ya ɓoye har hagunsa bai san abin da damansa ya bayar ba. To ina wannan ina monita da takarda a gaban allo? Ban ce masu bayarwa sun yi niyyar gori ba, na tabbata ba su ma san haka ake yi ba, amma cutarwar tana isa ga yaron ko an yi niyya ko ba a yi ba.

Kuma gyaran ba ya cin ko sisi. Takardar sunayen nan ta koma durowar hedimasta kar wani ɗalibi ya sake ganin ta. Koren robobin a tattara a kai ma mai dafawa ta yi wani amfanin da su. Kowane yaro ya zo da kularsa ta gida ko da wayam ce, ya ajiye wajen mai abinci da safe kafin asembili, lokacin tara ya ɗauka ya zauna cikin abokansa, wa zai san a ina aka zuba? In ma akwai mata masu sai da abinci a bakin get to abin ya fi sauƙi, a yi kati iri ɗaya, mai hali iyayensa su saya a ofis, mara hali a ba shi nasa ta hannun uwarsa, kowa ya miƙa kati a zuba masa. Wasu kuma sun fi son a ba uwa ɗanyen abinci duk wata ta dafa a gida, sai dai shi wannan in gidan da yara da yawa tukunyar kowa zai shiga, ba lallai ya kai ma ɗan makarantar ba, kuma ba za ka ga laifin uwar ba.

In za ki je kar ki je ke kaɗai, ki nemi malamar nan da ta zo ta same ki, alama ta nuna tana da tausayi, ku shiga tare. Ki fara da godiya sannan ki faɗi maganar azumin kamar yadda kika faɗa mana, ba sai kin ƙara komai ba.

Maman_Khalifa (Tudun Jukun)

Nagode sosai Allah ya bar zumunci. Malam wlh kamar ka sani jiya ma ya ce min kansa na ciwo. Akwai abin da ban faɗa ba, ranar da aka fara rabon an ɗauke su hoto suna riƙe da robobin an tura a guruf ɗin iyaye na WhatsApp, ni wayata ƙarama ce ban gani ba, maƙwabciyata ce ta nuna min. Ina ganin daga nan ne ma wasu yaran suka samo maganar don a gida suka ji.

Sakataren_ƙungiya

Jama'a a yi mana adalci kaɗan. Ni ba na makarantar nan ba ne amma ina cikin wata ƙungiyar unguwa da muke irin wannan aikin, kuma maganar hoto ba don a ci mutuncin kowa ake yi ba. Wanda yake Abuja ko Legas ya turo kuɗi in bai ga hoto ba wata mai zuwa ba zai turo ba, zai ce an cinye, kuma ba za ka ga laifinsa ba don an sha cinyewar. Shirin gwamnati ma da farkon 2024 ai Tinubu dakatar da shi ya yi tare da su N-Power a kan binciken kuɗi. Amana ta yi ƙaranci shi ya sa kowa ke neman shaida. Sannan masu cewa a ba kowa, da wane kuɗin? Mu da kyar muke haɗa na marayun.

Bazazzagiya_a_Ingila

Sakatare Allah ya saka da aikin da kuke yi, amma shaida ai ba sai da fuskar yaro ba. Ka ɗauki tukunya a kan murhu, ka ɗauki buhunan da aka sayo da rasit, ka ɗauki hannun mai zubawa, hedimasta ya sa hannu a takarda cewa yara kaza sun ci. Duk wanda ya ce shi sai ya ga idon maraya riƙe da kwano kafin ya yarda to a gaya masa gaskiya cikin ladabi. Ka tambayi kanka in ɗanka ne za ka so hotonsa ya zaga wayoyin unguwa a haka? Hoton nan fa baya gogewa, yaron zai girma ya zo neman aure a unguwar.

Kuma kar ku ɗauka mu kaɗai ke da wannan matsalar. Nan Ingila akwai abincin makaranta kyauta na 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi tun da daɗewa, kuma da can su ma tikiti daban ake ba su har wasu yaran su ƙi ci don kar a gane su, irin na Khalifa sak. Shi ya sa makarantu da yawa suka koma kati ko dangwala yatsa, mai biya da wanda gwamnati ta biya ma duk hanya ɗaya suke bi. Daga 2014 kuma suka ce duk yaran shekaru ukun farko na firamare a makarantun gwamnati kowa ya ci kyauta ko ɗan wane ne, a Landan ma magajin gari Sadiq Khan ya faɗaɗa shi zuwa dukkan 'yan firamare daga 2023. Finland kuwa tun 1948 suke ciyar da kowane ɗalibi, lokacin ba su daɗe da fitowa daga yaƙi ba, ba wai sai da suka yi arziki ba.

Maman Khalifa in yaronki na kallon ƙwallo ki ba shi labarin Marcus Rashford, da abincin makaranta na kyauta ya tashi, mahaifiyarsa ita ke fama da su, kuma bai ɓoye ba da bakinsa ya faɗa, a 2020 shi ya tsaya kai da fata har gwamnatin Ingila ta canza shawara ta ci gaba da ba yaran nan tallafin abinci lokacin hutu. Ba zai hana tsokana ba amma yaro yana so ya ji akwai wani babba da ya bi ta inda yake bi.

Baba_na_Ƙofar_Doka

Ni tsoho ne jikana ke rubuta min. Ina jin ku kuna ta kawo misalin Turai, alhali mu nan gida mun san maganin abin nan tun kafin a haife ku. Da can a cikin birni in an yi sallar isha'i kowane magidanci za a fito masa da tuwonsa ƙofar gida ko zaure, maƙwabta su haɗu a jera kwanuka a buɗe ɗaya a cinye a jawo na gaba, ciyayya ke nan. A cikinmu akwai wanda ranar ba a ɗora tukunya a gidansa ba, mun sani sarai, amma zai zo ya wanke hannu ya zauna ba mai ɗaga ido ya kalle shi, kuma kafin a tashi wani zai ce a miƙa wannan kwanon cikin gida wajen yara, ba tare da an ce don me ba. Wanda ya kuskura ya furta cewa wane bai kawo ba shi ne zai ji kunya a unguwa ba wanen ba.

Makarantun kwana ma haka, nan kwalejin Barewa da su Gowon da Murtala suka yi, ɗan sarki da ɗan manomi ɗakin cin abinci ɗaya ne tukunya ɗaya.

Abin da ya fi ɓata min rai a labarin nan ba yaran ba ne, iyayensu ne. Yaro bai san ɗan sadaka ba sai ya ji a bakin babba. Kuma wai a tsokani yaro da bara irin ta almajirai, su almajiran ba 'ya'yan mutane ba ne? Ya kamata liman ya taɓo maganar nan, a taron iyaye kuma a faɗa ba kwana-kwana. 'Yata ki je makarantar, haƙƙin ɗanki ne, Allah ya yi masa albarka.

Ɗan_Kwarbai

Baba Allah ya ƙara girma, maganar hoto da kiran suna na yarda a daina. Amma ni dai ina nan kan bakata a abu ɗaya, kafin a gyara ɗin yaron nan ya riƙa ci, kar a bar shi da yunwa ana jiran taron PTA.

Maman_Khalifa (Tudun Jukun)

Jama'a na je yau tare da malamarsu. Hedimasta ya saurare ni har na gama bai katse ni ba, da na zo kan azumin shiru ya yi, ashe ba Khalifa kaɗai ba ne akwai wata yarinya 'yar aji biyar da ita ban ɗaki take shigewa har a gama rabo. Ya ce daga gobe ba kiran suna, kowa ya kawo kularsa, kuma zai yi ma masu guruf magana a cire hoton duk da dai ya riga ya zaga. Na kawo maganar a ba kowa ya ce shi ma ya fi so amma kuɗin ba zai kai ba ko kusa, sai dai a kai maganar gaban tsofaffin ɗaliban. Shi kuma yaron ya ce zai gwada amma wai ai an riga an san su, ban san me zan ce masa a nan ba.

Inna_mai_kula (Sabon Gari)

Alhamdulillah an fara. Gaskiyar yaron ne an riga an san su, shi ya sa nake ganin kar a tsaya a kula kawai. Ki ce ma hedimasta in zai zauna da masu bada kuɗin ya kawo musu lissafin koko ko kunu, ba shinkafa ba. Shinkafa da mai da kayan miya su ke cinye kuɗi, amma gero in aka saye shi da kaka a kasuwar Giwa ko wajen manoman Soba aka ajiye, kofi ɗaya ɗaya zai zaga ajujuwa da yawa, ko sau biyu a sati ne a fara, kowa da kowa har malamai su sha a cikin aji. Iyaye masu hali a ce kowa ya kawo tiya ɗaya a zango, ba a matsayin sadaka ba a matsayin na ɗansa, wanda bai da shi ba mai tambaya. Su kuma marayun a ci gaba da zuba musu nasu a kula a ɓoye. In sun yarda ni zan zo in nuna ma mai dafawar yadda ake auna gasara don kar ta yi musu asara, ki turo min saƙo ta ciki.